Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Daren Da Saifar Khalifa Ta Kumbura

Makon jiya na tsaya a inda gwajin jini ya nuna ɗana Khalifa SS ne, wato yana da ciwon sikila, ni da babansa kuma duk AS, wato muna ɗauke da sikilar a jini ba tare da ciwon ba, ba mu taɓa sani ba. Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi lambata ta saka ni a zauren WhatsApp na iyayen yara masu sikila. Kowa a zauren Anti yake ce mata.

Na yi wata huɗu ban ce uffan ba, karatu kawai nake yi. A lokacin dangin mijina na cewa ni na kawo musu ciwo gida, duk na tsargu. A zauren na fara jin mata suna faɗin abin da nake ɓoyewa. A nan na koyi yawan ba shi ruwa, da rufe shi ruf lokacin hunturu, da kada magungunansa, folik asid da Paludrine, su yanke. Wata rana Anti ta turo bidiyo tana nuna yadda uwa za ta lalubi saifar ɗanta, a ƙasan haƙarƙarin hagu. A asibiti layi ba ya barin likita ya zauna ya koya maka wannan.

Cikin Janairun 2023, babansa ya tafi Legas da mota, Khalifa ya wuni ba kuzari. Bai yi kuka ba, shi ya sa ban tsorata da wuri ba. Wajen sha ɗayan dare na ga cikinsa ya tashi. Na sa hannu, na ji abu mai tauri ya sauko har kusa da cibiya. Jikina na rawa na tura saƙon murya, karo na farko ke nan.

Ko minti biyu ba a yi ba Anti ta kira ni.

"Maman Khalifa, buɗe tafin hannunsa. Yaya kika gani?"

"Anti, fari fat."

"Goya shi yanzu. Kada ki jira asuba, kin ji ni ko?"

Goma ta wuce, babu adaidaita sahu a titin Kano. Maƙwabcinmu na buga wa ƙofa, Allah ya saka masa. Likita ya ce jinin ne ya taru a saifa, sai an yi masa ƙari nan take, kuma sai mun kawo wanda zai mayar da ledar da za a ba mu. Ni kaɗai ce, da goyo da waya. Anti ta sanar a zaure. Kafin kiran sallar farko maza biyu sun iso, ɗaya daga Kurna, ɗaya daga Hotoro, mazajen matan da ko fuskarsu ban sani ba. Na Kurnan ya ce min, "Hajiya, tamu 'yar ma jinin wani ne a jikinta."

Ba zan ɓoye ba, ta wannan wayar ake cutar mu. Wani ya taɓa shigowa zauren yana tallar jiƙo, wai cikin wata uku zai mayar da SS ya koma AA, wato jinin da ba sikila. Wata baiwar Allah ta saya, ta ajiye hydroxyurea ɗin da likita ya rubuta wa ɗanta, yaron ya kwanta sati biyu. Har yau raina na ɓaci idan na tuna, domin uwar da ta gaji da kwanan asibiti komai aka miƙo mata za ta karɓa. Anti ta cire mutumin, ta kafa doka: duk maganin da ba a nuna wa likita ba, kada a ambace shi.

A 2024, da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, zauren ya cika da hamdala. Ni ma na yi murna. Sai ga ƙanwata ta shigo min ɗaki da takardar gwajinta da ta saurayinta, idonta jajur, an riga an kawo lefe. Duk biyun AS.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.