Yadda na shirya ƙaramin jirgi mai rimot kafin tashinsa na farko

Jirgin da na yi wa wannan shiri irin na masu koyo ne: fiffikensa a saman jiki, tsawon fiffiken daga gefe zuwa gefe mita 1.3, injin lantarki, batirin LiPo mai gida uku 2200mAh, da rimot na 2.4GHz. Abu na farko da na yi a kan teburi shi ne cire farfela. Injin lantarki ba ya gargaɗi, da zarar hannu ya taɓa totur zai juya, farfelar kuwa tana yanka yatsa. Ban mayar da ita ba sai da na gama komai.

Cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin gaban jirgi da na bayansa ke daidaita, ita ta fi cin lokacina, kuma ta cancanta. Takardar da ke zuwa da jirgi kan faɗi inda take. Idan babu takarda, a fiffike madaidaici wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya, ana aunawa daga bakinsa na gaba. Nawa milimita 200 ne, saboda haka na sa alama a milimita 55 a ƙarƙashin kowane ɓangare. Na saka batir a mazauninsa, na rufe murfi, na ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai alamar. Abin da ake so shi ne ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya. Idan wutsiya ce ta rinjaya, kada a tashe shi. Jirgi mai nauyin baya ba ya zama lafiya a sama: ka ɗan taɓa sandar rimot ya miƙe tsaye, gudunsa ya mutu, ya kife ta fiffike ɗaya. Mai nauyin gaba kuwa iyakarsa ya sauko da gudu, ya buƙaci a riƙa jan hancinsa. Nawa wutsiya ce ta rinjaya, amma ban ƙara dalma ba, batirin na tura gaba da milimita 15 har nauyi ya daidaita, na zana layi a inda ya tsaya, na ɗaure shi da Velcro da madauri. Batirin da ya zame baya a sama ya canza cibiyar nauyi ke nan ana tsakiyar tafiya.

Sai leɓɓan da ke juya jirgin, wato sassan bayan fiffike da wutsiya masu motsi. Na tsaya a bayansa, ina kallon inda hancinsa ke kallo. Sandar dama zuwa dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Na jawo ta wajena: leɓen wutsiya na kwance ya ɗaga. Sandar hagu zuwa dama: leɓen wutsiya na tsaye ya karkata dama. Ganin suna motsi bai isa ba, sai an tabbatar da inda suke zuwa. A ganina leɓɓan fiffike da aka juya baibai sun fi komai saurin hallaka sabon jirgi, domin idan ya karkata ka yi ƙoƙarin gyarawa, ƙara kifar da shi kake yi. Gyaransa kuma danna maɓalli ɗaya ne a rimot.

Na duba hannun kowane sarbo, wato ɗan injin da ke tura leɓe, ya tsaya a kusurwa 90 idan sanda tana tsakiya, kuma leɓen ya yi layi ɗaya da fiffike. Na ja kowane leɓe da hannu don jin ko maƙalinsa ya kama. Motsinsu na rage zuwa kusan milimita 10 sama da ƙasa, na sa ekspo, wato saitin rimot mai rage kaifin sanda, kashi 30 don tsakiyar sanda ta yi laushi. Hannu yakan yi rawa a tashin farko.

Eriyoyi biyu na risiba, wato na'urar cikin jirgi da ke karɓar saƙon rimot, na raba su, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, nesa da batir da manyan wayoyi. Na gwada abin da zai faru idan sadarwa ta yanke: na ba inji ɗan totur, na kashe rimot, injin ya tsaya. Idan bai tsaya ba, jirgin da ya ɓace wa rimot zai ci gaba da tafiya har batir ya ƙare. Ƙa'idar kunnawa ba ta canzawa: rimot tukuna, totur a ƙasa, sannan batir. Wajen kashewa a fara zare batir.

Farfela ta koma, rubutunta yana kallon gaba. Idan aka juya ta za ta yi ƙara, amma jan ba ƙarfi. Batir cike yana nuna bolt 12.6, wato 4.2 a kowane gida.

A fili na sa rimot a yanayin gwajin nisa, wanda ke rage ƙarfinsa, na yi taku 30 ina motsa sanduna, wani yana riƙe da jirgin, inji a kashe sannan a kunne. Na zaɓi safiya mai iska kaɗan, ƙasa da kilomita 10 a awa, rana a bayana, ba mutane ba wayoyin lantarki. Na fuskantar da shi ga iska, na ƙara totur a hankali. Yakan ja hagu saboda juyin farfela, sai a tare shi da ɗan dama. Ban fizge shi sama ba, na bari ya tara gudu ya ɗaga da kansa.

Da ya yi nisa sama na rage totur zuwa rabi, na saki sanda na ga inda yake karkata, na gyara da maɓallan tirim, waɗanda ke ɗan matsar da wurin tsayuwar leɓe. A can saman kuma na rage gudu ina jan hanci har fiffike ya daina ɗaukarsa, don in san iyakar jinkirin da zai jure kafin sauka. Idan ya juyo yana fuskantarka, dama da hagu sukan rikice. Dabarar ita ce tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa.

Agogon rimot na sa shi minti 4, don a sami ragowar batir idan saukar farko ba ta yi ba sai an sake zagayowa. Bayan sauka na taɓa inji da ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin, ɗumi ne kawai, gidajen batir suna kan bolt 3.8. Tirim ɗin da na yi a sama na mayar da shi kan sandunan ƙarfen da ke tura leɓɓa, na dawo da na rimot tsakiya, sannan na ƙara minti ɗaya a agogo.