Tarihin Rayuwata a Kan Keken Ɗinki, Kashi na 6: Siket Daga Wandon Maigida

A makon jiya mun tsaya a kan tsimin yadi wajen yanka. Yau zan ajiye labarin kaina, mu leƙa Ingila ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda tsimin ya zama doka.

Ranar 1 ga Yunin 1941 gwamnatin Birtaniya ta sa wa sutura rabo. Kowane baligi tikiti 66 a shekara, daga baya aka rage zuwa 48. Kuɗinki kaɗai ba ya saya miki riga, sai kin haɗa da tikiti: doguwar rigar ulu 11, takalmi 5, doguwar safar mata 2. Ulu ya tafi kakin soja, siliki da nailan sun tafi laimar saukowa daga jirgi, ma'aikatan masaƙa kuma an kwashe su zuwa aikin yaƙi.

A 1942 dokar ta shigo har teburin tela. Rigar mace ba ta wuce aljihu 2 da maɓalli 5, siket ba ya wuce haɗi 6, leshi da aikin ado kuwa an hana. Shi ya sa in kika ga hotunan matan lokacin kamar tela ɗaya ya yanka musu: siket ɗan tsuke iya gwiwa, kafaɗa a miƙe da ciko kamar ta soja. Ni dai a ganina dokar ta gyara hannun teloli, don rigar da ba ado ba ta da inda za ta ɓoye karkataccen yanka.

Aikin da ya fi nuna gwaninta shi ne mai da kwat da wandon maigidan da ke fagen daga su zama na uwargida. Ana farke wandon gaba ɗaya da reza, a fitar da ƙyalle huɗu, biyu na gaba biyu na baya. A wanke, a goge da jiƙaƙƙen tsumma har karin guga ya mutu. Sai a kifa su, ƙafar wandon ta koma ƙugu, faɗin cinya ya sauko ƙasa ya ba siket buɗewa. Lanƙwasar hantsa a yanke ta a yar. Dole duka huɗun su kalli gefe guda. In ɗaya ya saɓa, gashin ulun zai kwanta daban, a rana sai ki rantse yadi biyu ne. Gwiwa da mazauni kuwa sun riga sun ci, suna ƙyalli, don haka ake juya yadin ciki ya koma waje.

Kwat ɗin ya fi rigima. Na maza ramin maɓallinsa a hagu yake, na mata a dama. In an juya yadin, ramukan sukan faɗo daidai, amma tsagar aljihun ƙirji sai ta tsallaka dama. Masu dabara sukan ɗora aljihun faci a kai, magana ta mutu. Wadda kuma ta rage faɗin jiki ba ta sake yanka hammata ba, hannun rigar zai zauna mata a dantse.

Safa ce ta gagara. Da ta yi wuya, 'yammata suka koma shafa wa ƙafa ruwan kala, har da abin rina miyar nama, a ja layi a bayan ƙwauri da fensirin gira kamar ɗinkin safa. Ruwan sama na sauka asiri ya tonu. A masana'antar makamai kuwa wando da ɗaurin ɗankwali suka zama kayan aiki, don inji ba ya wasa da sakakken gashi.

Rabon bai ƙare ba sai Maris 1949. Tun kafin nan, a Fabrairun 1947, Christian Dior, mai tsara sutura ɗan Faransa, ya fito a Faris da siket mai cin yadi fiye da goma. Yadda ake yanka wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.