Kwana uku da multimetir mai mataccen fizibil

Ni ɗan Tahoua ne, karatu ya kawo ni Yamai, sashen injiniyancin kuran, kuma abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarata ta ƙarshe ta lisansi lokacin da kowa ke fama da aikinsa na kammalawa kafin sutnansi, wato ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai. Aikina ƙaramin akwati ne da zai riƙa auna batir ɗin sola, ya nuna ƙarfinsa da yawan kuran da fano ke tura masa, in batir ya yi ƙasa sosai ya yanke fitilu da kansa. Ba daga littafi na samo tunanin ba, daga gidanmu ne. Innarmu tana da fano ɗaya da batir, ƙannena su kunna fitila da tele su yi cajin waya har sai ya mutu murus, kuma batir mai dalma in ana tatse shi haka kullum ba ya daɗewa, cikakke yana nuna kamar volt 12.6 zuwa 12.7, in ya sauka ƙasa da 12 ya kamata a bar shi ya huta amma wa zai tsaya aunawa a gida? Sannan mu da muka ga 2023, da Najeriya ta yanke layin kuran da ke zuwa mana a watan Agusta, mun san darajar batir fiye da yadda ake faɗa.

To aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da kayan labo. A wurinmu akwai ɗaki guda mai kabad-kabad na ƙarfe, makullinsu na hannun wani dattijo da muke ce wa Baba, shi ke kula da komai, ya daɗe a wurin har wasu malamanmu ma a hannunsa suka fara riƙe ƙarfen soda. Tsarin aro ba shi da wuya: malamin da ke duba aikinka ya sa hannu a takarda, ka kai wa Baba, ka ajiye katinka na ɗalibi, ya buɗe babban kaye ya rubuta sunanka da lambar abin da ranar mayarwa. Ƙananan kaya kamar multimetir, wato ƴar na'urar auna volt da ampar da juriya, da allon gwaji da wayoyi ana fita da su. Osilo da alim, wato injin duba siffar sigina da injin ba da kuran na teburi, waɗannan ba su ƙetare ƙofa ko waye kai, sai dai ka rubuta sunanka a jerin awoyi ka zo ka yi aikinka a nan.

Ranar wata Alhamis da yamma na je aron multimetir, ana gab da kiran la'asar, mutane sun yi layi a bayana. Baba ya miƙo mini ya ce "ɗana gwada shi kahin ka sa hannu". Na kunna, lambobi suka fito, na haɗa bakin wayoyin biyu ya yi ƙara, na ce lafiya lau Baba, na sa hannu na fita. A ganina na gwada ke nan.

Washegari na fitar da fanona mai wat 20 a tsakar gidan da muke haya, na auna shi ba a haɗa da komai ba ya ba ni volt 20 da ɗoriya, daidai yadda ya kamata ga fano na batir mai 12. Sai na zo auna kuran. Shi auna kuran ba kamar auna tansiyo, wato volt, ba ne da za ka ɗora wayoyi gefe da gefe, dole ka yanke hanyar ka sa na'urar a tsakiya kuran ya ratsa ta cikinta, sai na cire jar waya na mayar ramin auna ampar da aka rubuta 10A a jikin na'urar, na haɗa tsakanin fano da batir. Sifiri. Rana tsaka, ba ko gajimare, fano mai wat 20 ya kamata ya ba da ampar ɗaya da ɗan wani abu, amma 0.00 kawai nake gani. Na ce sodar da na yi ce ba ta kama ba, na narke na sake. Sifiri. Na ce diyod ɗin da ke hana batir komawa cikin fano ne na juya ko ya mutu, na cire na duba lafiyarsa ƙalau, duk da haka na canza. Na sauya wayoyi, na goge fano don ƙura, na yi zargin batir, har na fara tunanin wanda ya sayar mini da fanon ya cuce ni, Allah ya yafe mini wannan zargi don bawan Allah bai yi komai ba. Juma'a, Asabar, Lahadi, kwana uku cur ina zagaye wuri ɗaya, dare ban barci sosai saboda kwanakin sutnansi na matsowa kuma kuɗin da na ware na kaya na ta tafiya a kan abubuwan da ba su lalace ba.

Ran Litinin na kwashi komai na hau taksi zuwa kasuwar Katako wurin wani mai gyaran tele da ɗan ɗakinmu ya sani. Mutumin bai yi lakkwal mai zurfi ba amma wallahi hannunsa ya san kuran. Ya saurare ni, bai ko taɓa fano ba, ya ce ba ni na'urar taka. Ya ɗauko tasa ya sa ta a wurin auna juriya, ya zura baki ɗaya a ramin 10A na tawa ɗaya a ramin baƙar waya, shiru ba ƙara. Ya ce "ƙanena fizibil ɗinka ya ƙone tun tuni". Ya sa tasa na'urar tsakanin fano da batir, nan take ta nuna ampar ɗaya da ɗigo kaɗan. A nan na gane abin: ba sifiri kawai multimetir ɗin ke nuna mini ba, shi da kansa ne ke yanke hanyar, don fizibil siririyar waya ce a cikin na'urar da ke narkewa in kuran ya yi yawa, in ya mutu kamar ka tsinke waya ne, duk lokacin da na sa shi a tsakiya batir ba ya samun komai. Ƙarar da na ji a labo ta wani ɓangaren ce daban, ba ruwanta da ramin ampar.

Na ji zafi sosai. Wani ɗalibi ya ƙona shi, ya san ya ƙona ko aƙalla ya ga tartsatsi, ya naɗe wayoyi ya mayar ya karɓi katinsa ya yi shiru, ni kuma na biya da kwana uku. Na kai wa Baba na faɗa masa, ya duba kaye ya ga sunaye da yawa kafin nawa ba yadda za a san ko wane ne, ya girgiza kai ya sa wani fizibil daga ɗan abin da ya rage masa, ya nuna mini yadda ake gwada shi ko ba ka da na'ura ta biyu: ka sa a auna juriya, ka ɗauki bakin jar wayar ka zura cikin ramin ampar, in ya nuna kusan sifiri yana da rai. Abin daƙiƙa biyar ne.

Bayan sati biyu ni ma na yi. Muna labo ni da abokin aikina, na gama auna kuran, sai na so in ga tansiyon batir da sauri, na murɗa maɓallin zuwa volt amma jar wayar tana nan a ramin 10A ban cire ba, na ɗora baki biyu a kan kawunan batir. Ƙyas, tartsatsi, bakin wayar ya yi ɗan baƙi. Ramin nan kusan waya ce miƙaƙƙiya a ciki, ka ɗora shi a kan batir kamar ka haɗa kawunansa biyu da ƙarfe ne, kuma ƙaramin batir mai volt 12 ma yana iya tura ampar gomomi a lokaci ɗaya. Gabana ya faɗi. Baba ya fita, ba wanda ya gani sai mu biyu, abokina ya ce da ƙaramar murya mu naɗe mu mayar kawai tunda yana kunnawa wa zai sani, kuma ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, tsoro ne, don ana yaɗa cewa wanda ya lalata kaya ana riƙe masa kati har sai ya biya sabo, mu kuwa kuɗin cin abinci ma da lissafi. Na zauna da na'urar a hannu na ɗan jima. A wannan zaman ne na daina jin haushin wanda ya riga ni, na ga ta yadda abin ya same shi, hannu ɗaya ne ya manta waya a rami kamar nawa. Amma na tuna kwana ukun nan a tsakar gida cikin rana, na kasa mayarwa haka.

Da Baba ya dawo na ce Baba na yi ɓarna. Ya ce mi ya faru ɗana? Na faɗa masa yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba, ya fara duba hannuna ya ce ba ka ƙone ba ko, sannan ya ce nasa fizibil sun ƙare sai in nemo. Na koma Katako na samo wani na gilashi da aka rubuta 10A, mai arha, na kawo ina murna. Ya juya shi a hannu ya mayar mini ya ce wanga ba namu ba ne. Ya buɗe na'urar ya nuna mini wanda ya mutu, fari ne na tangaran, ya fi kauri, akwai yashi a cikinsa, an rubuta 600V a jiki. Ya ce na gilashi volt 250 ne kuma ba ya iya kashe babban kuran, in wani ya yi irin kuskurenka a kan layin gari wuta na iya tsallake wurin da ya tsinke ta ci gaba da ci, yashin nan shi ke shaƙe ta. Sai ya jawo durowa ya fito da wani tsohon multimetir da cikinsa ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke wajen ramukan, ya ce wani ne ya naɗa siririyar waya a madadin fizibil ya mayar, na bayansa ya sa a priz. Ya ajiye shi ne don nuna wa ƴan shekarar farko. Sai da na yi yawo shaguna da dama kafin na samu irin na tangaran wurin masu sayar da kayan kuran na masana'antu, kuɗinsa ya ninka na gilashi sau da yawa, na biya daga kuɗin da yayana ya turo mini.

Daga nan Baba ya sake da ni, har yakan tsaya bayana in ina kan osilo. Shi ya kama ni ranar da nake ganin rabin volt a ƙafar Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ke sarrafa akwatina, inda ya kamata in ga 5, na fara zargin Arduino ɗin, ya miƙo yatsa ya nuna ɗan maɓallin da ke jikin sondi, wato wayar awo ta osilo, yana kan x10 alhali injin an saita shi a x1. Da na gyara sai ga siginar a tsaye kamar matakala, tana maimaituwa wajen sau 490 a daƙiƙa yadda aka ce, ranar na ji daɗi har cikin raina. Abin da ya fi ja mana kunne a kai shi ne ɗan maƙalin mas na sondi mai bakin kada, don a haɗe yake da wayar ƙasa ta priz, ka maƙala shi a waya mai rai ka yi gajeriyar hanya ke nan, sondi ta tafi, wataƙila osilo ma. Kuran gari volt 220 ne amma ƙololuwarsa tana kai 311, shi ya sa in za mu kalli siffarsa sai ta bayan tiransifo mai saukarwa zuwa 12, a nan muke ganin zagaye ɗaya na cin milidaƙiƙa 20, wato 50 a daƙiƙa. Alim kuma kafin ka haɗa sabon allo ka fara rage iyakar kuran ƙasa sosai, in akwai kuskure injin zai tsaya a iyakar maimakon kayanka su yi hayaƙi.

Awoyin labo su ne wahala a Afrilu da Mayu, ɗalibai da yawa osilo kaɗan, ga zafi ga ɗaukewar kuran, ka rubuta suna tun sati ka zo ka zauna kuran ya tafi awarka ta wuce. Na koma zuwa da sassafe, kuma tun a gida nake zana haɗin a takarda in rubuta abin da zan auna da lambar da nake sa ran gani. Zafin ma ya shiga rahotona, don na lura da tsakar rana in fano ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu tansiyonsa na sauka, lambobin da ke bayansa a digiri 25 aka auna su, mu kuwa iska kanta tana wuce 40. Malamina ya ce in rubuta wannan da kyau, ya tuna mini Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya rasu a 1991, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasar nan shekaru da dama, malamin ya ce yanzu ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 kusa da gidanku ga ta Gorou Banda mai 30, duk suna bukatar masu auna abu daidai.

Kwana biyu bayan sutnansi na mayar da kayan. A gaban Baba na zura jar waya a ramin ƙananan ampar, na zura a na 10A, duka biyu da rai, na ƙirga wayoyin haɗi na naɗe su, ya sa ni na manna ƴar takarda a bayan na'urar da ranar da aka canza fizibil. Ina cikin sa hannu wata ƴar shekara ta biyu ta shigo da takardarta tana neman multimetir, Baba ya miƙa mata wannan ɗin dai, ta kunna ta ga lambobi ta kai hannu ga biro za ta sa hannu, sai ya riƙe kayen ya dube ni ya ce ɗana nuna wa ƙanwarka. Na ajiye jakata na nuna mata, ta gwada da kanta sau biyu, sannan ya buɗe durowa ya ba ni katina.