Ranar da Inna ta dawo a jirgi uku

Laraba. Tun kafin kiran assalatu waya na hannuna, don jiya da dare Yaya ya turo lambar tafiyarsu daga Jidda, ya ce in Allah ya yarda shi da Inna yau a gida za su kwana. Na zuba lambar a manhajar bin sawun jirage, sai ga Boeing 747, mai inji huɗu da tozo a ka. Wautar da na tafka ita ce nuna wa Kawu. Kafin hantsi kaf layinmu a Mabera an san Hajiya a jirgi mai bene za ta sauka.

Wajen azahar na sake leƙawa. Jirgin ya fito a taswira, yana ratsa Chadi, amma rubutun ya koma Airbus A330, hoton kuma na wani mai shuɗiyar jela ne, da sunan kamfanin da ban taɓa ji ba. Gabana ya faɗi. Na mayar da waya aljihu, ban ce wa kowa uffan ba.

Mota biyu muka cika zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III. Zafi kamar a gasa gurasa, ga hadari ya haɗo gabas ya ƙi zuba. Bayan la'asar wani jirgi ya sauko, fari fat kamar alawayyo, inji biyu, ko ɗigon fenti babu a jelarsa. Kawu ya harare ni.

"Wanga ba shi na ba. Kai kac ce muna mai bene na."

"Ku yi haƙuri Kawu, waya ce ta faɗa."

"To, wayar ta fiddo maka Innar taka."

Ya koma mota ya hakimce. Sai da ya hangi Yaya na turo kaya, Inna a bayansa tana murmushi da sabon haƙorin Makka, sannan ya fito yana kabbara ya fi kowa ɗaga murya.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa bayan isha na kira wani abokina da jirage suka zame masa jaraba. Ya sha dariyarsa tukuna. Ya ce jirgi ba ya aiko hotonsa, ko ƙirarsa ma ba ya faɗa. Abin da yake watsawa a zangon 1090 MHz, a tsarin da ake kira ADS-B, lambar shaida ce mai gurbi shida, gamin baƙaƙe da alƙaluma, sai inda yake, da nisansa a sama, da gudunsa. Ƙananan na'urori da 'yan sa-kai suka kafa a rufin gidajensu su ke cafke saƙon. Ƙirarsa da hotonsa kuwa daga kundi ake ɗauko su, kundin kuma mutane ne ke cika shi da hannu. In an sayar da jirgi ko an sauya masa rajista ba a gyara ba, tsohon bayani zai ci gaba da fitowa, kamar ka sayi sabon layi amma manhajar nuna mai kira ta riƙa kiranka da sunan wani mai faci a Gusau.

Na ce to 747 ɗin safe fa? Ya ce kafin jirgi ya tashi, jadawali kawai shafin ke karantawa, kamfani kuwa yana iya musanya jirgi ana gobe tafiya. Hoton shi ma ba na yau ba ne. Masu sha'awa ne ke tsayawa bakin shingen filayen jirgi suna ɗauka, su ɗora da lambar rajista, ƙila shekarun baya, lokacin jirgin na sanye da rigar wani kamfani. A lokacin Hajji ana yawan ɗauko hayar jirage har da matuƙansu, irinsu kuma galibi farare ake barinsu don gobe wani ne zai haya.

Ya ce in duba lambar da ke kusa da jela. Allah ya taimake ni Yaya ya ɗauki Inna hoto a gindin matakala. Na buɗa shi sosai. Jiragen Najeriya da 5N suke farawa, na Saudiyya da HZ, wannan kuwa 9H ne, wato Malta. Na gwada da ta mai shuɗiyar jela, harafi da harafi iri ɗaya. Ashe shi ne, wanka kawai aka sake masa.

Na je ɗakin Inna da zumuɗi in ba ta labari, na tarar tana ƙulla dabino da bagaruwa a leda, zamzam a gefe. Na tambaye ta wane irin jirgi ta hau.

"Mi ya kai ni dubawa? Sanyi dai ya ishe ni, sai da na roƙi bargo."

Yanzu sha ɗaya ta wuce, ina jiyo Kawu a zaure yana gaya wa 'yan barka cewa a bene na sama aka zaunar da Hajiya.