Talata a madafarmu ta unguwar Misfala a Makka

Bayan sallar asuba aka kunna murhu. Shinkafa da miyar kaza za a kai wa masu Umara a masaukinsu kafin azahar, tuwo da miyar kuka kuma da daddare. Ba a gama sauke buhunan shinkafa daga mota ba Baba mai kula da tukwane ya dafe ƙirji ya zauna a bakin ƙofa, yana cewa jininsa ya hau, yau kam sai mustashfa, wato asibiti. Jiya jiri ne, shekaranjiya baya. Samarin suka kalli juna, babu wanda ya ce masa sannu, abin da ya fi damuna ke nan.

Akwatin magani yana hannuna, don haka ba na gardama da shi, aunawa nake yi. Awon jini yana da ƙa'ida, in aka karya ta na'urar za ta gaya wa mutum abin da yake tsoron ji. Wanda ya sauke buhu mai kilo 40 yanzun nan, ko ya sha shayi ko gahawa cikin minti 30 da suka wuce, lambarsa sama za ta yi. Sai ya zauna minti 5, bayansa a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, ba magana. A naɗe hannun riga, a ɗaura madaurin a kan fata, a ɗora hannun daidai da zuciya. In madaurin ya yi wa damtse kaɗan, shi ma yana ƙara lamba, kuma Baba mutum ne mai jiki, babban madauri nake sa masa. Sau biyu ake aunawa, minti ɗaya tsakani. Na farko ya ba da 134/84, na biyu 128/82, bugun zuciya 86, zafin jiki 36.9. Daga 140/90 ake fara zancen hawan jini, shi ma sai ya maimaitu a ranaku dabam-dabam.

Na ce, "Baba, ga shi ka gani da idonka." Ya ce, "Yaro, na'ura ba ta san abin da ke cikina ba." Na rubuta lokaci da lambobin a littafi kamar kullum. Littafin nan ya fi kowace magana amfani, domin ranar da zai ga likita ba sai an dogara da tunanin kowa ba.

Akwai alamun da ba na tsayawa awo a kansu, ko daga bakin wa suka fito: ciwon ƙirji mai matsewa da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da gumi mai sanyi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko mutum ya rikice jikinsa ya yi zafi jau. Wannan 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, ake kira nan take. Zafin garin nan ba abin wasa ba ne. A aikin Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu. Dokar hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta masu aiki a waje ce, mu kuwa muna ƙarƙashin rufi amma gaban wuta. Shi ya sa na haɗa wa Baba ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya sha, ya koma yankan albasa kusa da fanka.

Da la'asar ya zo da wadda ba ta aunuwa, wai cikinsa ya ɓaci, yana ta zagayawa. Samarin suka ce ƙarya ce, gudun tuƙin tuwo yake. Mai yiwuwa. Amma mai gudawa ko amai ba ya taɓa abincin jama'a, sai ya yi sa'a 48 da warkewa. In na bar shi ya tsaya kuma gaskiya ya faɗa, baƙin Allah ne za su kwanta, baladiyya, wato hukumar birni, kuma ta rufe mana ƙofa. Na sallame shi, na ce takardar hutun da mudir, wato manajanmu, zai karɓa sai wadda likita ya shigar, ta fito a Sehhaty, manhajar lafiya ta gwamnatin Saudiyya.

Tuwon ya faɗa kan mutum biyu maimakon uku, muciya ba ta huta ba har magariba, ƙaramin cikinsu hannunsa ya yi bororo. Haushinsu yana da dalili, na kuma gaya wa mudir a rubuta musu ƙarin lokaci. Na roƙe su dai kada su daina yi wa dattijon sannu. Gobe da safe zan nemi a ba ni mota in kai shi asibiti da littafin awon, a duba sukari da zuciya gaba ɗaya.