Takardun da na raina kafin murar tsuntsaye ta zo unguwarmu

Na fi shekara goma sha biyar ina kiwon kajin ƙwai a bayan garin Bukuru kusa da Jos, kuma a farkon shigata wannan sana'a babu abin da ke ɓata mini rai kamar a ce in je ofishin likitan dabbobi in cike takarda. A ganina a lokacin, mutumin da ya sayi 'yan tsaki da kuɗinsa, ya gina musu ɗaki da guminsa, ya ɗauki nauyin abinci da magani ba tare da ko sisin kwabo daga gwamnati ba, bai kamata a zo ana tambayarsa yawan kajinsa, da inda ya samo su, da ranar da ya yi musu rigakafi ba. Wannan ra'ayi gadonsa na yi. Baffana, wanda ya yi kiwon shanu a wajen Barikin Ladi, yakan ce duk ranar da ka ga ma'aikaci ya zaro biro yana ƙirga maka dabbobi, to ka fara lalube aljihu, domin a zamaninsu ƙirgar shanu da jangali tare suke tafiya. Ya sha ba mu labarin yadda ake kora rabin garke bayan duwatsu idan an ji masu allura za su zo ruga, sai a yi wa rabi rigakafi, rabin da aka ɓoye kuma ya dawo da yamma ya cuɗu da sauran.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a 2015. Murar tsuntsaye, wadda ake kira H5N1, ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a cikin kajin nahiyar Afirka. Bayan ta lafa na wasu shekaru, sai ta sake ɓullowa a watan Janairun 2015 a Kano da Legas, ba a jima ba ta iso Filato. Sanyin Jos ya sa kajin ƙwai suna jin daɗin garin, shi ya sa gonakin suka yi yawa, wasu ma katanga ɗaya ce ta raba su, kuma wannan kusancin da muke alfahari da shi lokacin da dillalai ke zuwa ɗibar ƙwai, shi ne ya zame mana abin tsoro a wannan shekara.

Wani maƙwabcina, wanda gonarsa ta ninka tawa, ya wayi gari ya tarar da kaji kwance birjik, fuskokinsu sun kumbura, zankayensu sun yi baƙi-baƙi kamar an shafa musu shuni. Bai gaya wa kowa ba. Ya kwana uku yana zuba magani a ruwan shansu, yana fatan abin zai tsaya, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin wanda ya zuba duk jarinsa a ɗaki ɗaya ba ya son ya ji sunan wannan cuta a bakinsa. Lokacin da ya kai rahoto, mafi yawan kajin sun riga sun mutu. A nan ne ya gane, mu ma muka gane, cewa diyyar da gwamnati ke biya ta kajin da ma'aikata suka ƙirga da ransu suka kashe da hannunsu ce, ba ta waɗanda suka mutu kafin zuwansu ba. Kowace rana da ya jinkirta, daga diyyarsa ya rage. Manufar gwamnati a lokacin ita ce ba a yi wa kaji rigakafin wannan cuta, sai dai a kashe duk na gonar da ta kamu, a binne, a yi feshi, a rufe wurin na wani lokaci.

Washegari ma'aikatan suka zo gonata, sanye da fararen riguna tun daga kai har ƙafa, suka tsoma takalmansu a ruwan magani kafin su shiga. Shugabarsu wata likita ce mai natsuwa. Bayan sun ɗebi samfur daga maƙogwaron wasu kaji domin a kai cibiyar binciken dabbobi ta Vom a gwada, sai ta ce, "Alhaji, a ba ni takardar rajistar gona da littafin da ake rubuta masu shiga da fita." Na ce, "Wallahi Likita, ba ni da ko ɗaya." Abin da nake da shi kawai shi ne wani tsohon littafin makaranta da nake rubuta cinikin ƙwai da basussuka, gefensa duk ya yi maiƙo. Na miƙa mata ne don kunya, ba don ina tsammanin zai yi amfani ba. Ta tsaya a inuwar mangwaro tana buɗa shi shafi bayan shafi, can sai ta ɗora yatsa a kan sunan wani dillali, ta tambaye ni ko shi ne yake ɗaukar ƙwai a gonar maƙwabcina, kuma ko da nasa kiret yake zuwa. Na ce shi ne, kuma da nasa yake zuwa, irin na kwali, ya ajiye mana wanda babu komai ya ɗauki mai ƙwai. Ta sa aka tattaro duk kiret ɗin da ya bari aka ƙone a gabana, domin kwali ba ya wankuwa, kuma kashin kaji da ke manne a jikinsa ya isa ya ɗauko cutar daga wata gona zuwa wata. Daga wannan littafin bashi suka gano ranar da ya zo wurina, suka nemo shi, suka samu sunayen sauran gonakin da ya bi a makon. Allah ya rufa asiri, sakamakon kajina ya fito babu cuta.

Tun daga ranar na daina kallon takarda a matsayin haraji. Cuta ba ta da ƙafa. A mota take tafiya, a takalmi, a buhun abinci, a jikin dabbar da aka saya a kara, kuma idan ta ɓarke, abin da likita ke nema shi ne sawunta. Takarda ita ce wurin da wannan sawu ke zama bayan iska ta share na ƙasa. Da na koma na duba dokar, sai na tarar ashe abin da nake wa kallon sabon salo yana nan tun a dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988: wajibi ne mai dabba ya sanar da likitan gwamnati idan ya ga alamar annoba, ba a shigo da dabba ko ƙwan ƙyanƙyasa daga waje sai da izini, dabbobin fatauci ba sa tafiya sai da takarda, kuma mai gonar da kajinta suka kai 250 ana bukatar ya nemi lasisi daga babban likitan dabbobi na jiharsa. An maye gurbin wannan doka da sabuwa a 2022, amma ginshiƙan suna nan. Ni da nake da kaji sama da dubu na shekara da shekaru ina karya doka ban ma sani ba.

Mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan kusa da mu a Vom tun 1924, kuma abin da ya sa aka kafa ta shi ne ciwon bushiya, annobar da ta share garkunan shanu a Afirka a shekarun 1890, ta kuma sake yi wa makiyayan Najeriya mummunar ɓarna a 1983. A 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duk duniya. Allura ce ta yi babban aikin, amma ba a yarda cewa wata ƙasa ta rabu da cutar ba sai da ta gabatar da rubutaccen bayani na shekaru a kan inda aka yi rigakafi da abin da gwajin jini ya nuna. Ciwon huhu da ɓoru da sammore kuwa suna nan tare da mu har gobe.

Ɓangaren amfanin gona ma haka yake, sai dai a can takardar ta fi shafar bakin iyaka. Hukumar killace kayan noma ta ƙasa, wadda aka fi sani da NAQS kuma hedikwatarta ke Abuja, ita ce ke ba da izini kafin a shigo da iri ko dashe, ita ce kuma ke ba da shaidar lafiyar tsiro ga mai son fitar da kaya waje, kuma a 2018 aka sa hannu a dokar da ta tsayar da ita da ƙafafunta. Mai tantama a kan amfanin wannan aiki ya tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir da manoman Kano suka laƙaba wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, kuma a farkon shekarar ne aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Gaskiya ne takarda ba ta tare ƙwaro mai fiffike, amma tana tare ƙwansa da ke ɓoye a cikin dashe ko kwandon kaya, idan an buɗe an duba. A Bokkos da Mangu, inda dankalin turawa ke riƙe da gidaje da yawa, cutar da ke ƙona ganye da damina, irin wadda ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845, tana iya kwana a cikin irin da aka ajiye, saboda haka tambayar inda iri ya fito ba ƙaramar tambaya ba ce. Wake kuwa ya koya mana darasin ta ɗaya gefen: a tsakiyar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a cikinsa, alhali iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Laifin 'yan kaɗan ya rufe wa kowa kasuwa, domin babu wata takarda da ke bambanta buhun wanda ya kiyaye da na wanda ya yi ganganci.

Duk da wannan, ba zan ce komai yana tafiya daidai ba, domin na ga abin da ya sa mutane irin Baffana ba su yarda da takarda ba. Shekarar da na gwada kai raguna Abuja gab da babbar sallah, na nemi takardar izinin ɗaukarsu kamar yadda aka ce. Wanda ya rubuta mini ita bai taso daga kujerarsa ba. Ya tambaye ni guda nawa ne, ya ce lafiyarsu ƙalau ko, na ce ƙalau, ya buga hatimi ya karɓi kuɗi. Daga Hawan Kibo zuwa Akwanga zuwa Keffi an tsayar da mu a shingaye da dama, wasu da katako mai ƙusa, kuma a ko'ina abin da ake so a gani rasit ne ko abin da ya fi rasit. Babu mutum ɗaya da ya hau motar ya buɗe bakin rago ko ya duba hancinsa. Irin wannan takarda, a ganina, ta fi rashinta illa, domin tana ba dabba marar lafiya shaidar lafiya, mai saye a Abuja kuma ya saki jiki. Da aka tabbatar da ciwon saifa, wato anthrax, a wata gona a yankin Suleja a watan Yulin 2023, har aka riƙa gargaɗin mutane a kan cin ganda da naman dabbar da ta mutu haka kawai, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne motocin dabbobi nawa ne suka wuce a makon da takardu irin tawa.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ban ga dalilin da ya sa ta gagara ba. Yawancin waɗanda ke kiwon shanu da awaki a ƙasar nan Hausa ko Fulatanci suke ji, da yawansu kuma ajami suka fi iya karantawa, amma duk takardar da na taɓa cikewa da Turanci take, Turancin ma irin na lauyoyi. Makiyayin da ya dangwala yatsa a kan abin da bai san ma'anarsa ba, ba zai ɗauke shi kariya ba. Sannan idan diyya ta yi jinkiri, ko ta gaza kuɗin kazar da ke tsakiyar yin ƙwai, mai gona na gaba zai zaɓi ya kira 'yan kaji da dare ya sayar da abin da ya rage a kan ya kira likita, kuma daga nan cutar ta shiga kasuwa. Tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, waɗannan abubuwa uku nake jira in ga an taɓa: a duba dabba kafin a buga hatimi, a rubuta takarda da harshen mai dabba, a biya diyya kafin mutum ya manta launin kajinsa.

Ni dai a nawa ɓangaren na yi rajistar gonata a shekarar da abin ya faru, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai littafi rataye da igiya a ƙofar shiga, kusa da kwanon ruwan magani, kuma yaron da ke kula da kajin yana rubuta sunan duk wanda ya shigo, da lambar motarsa, da gonar da ya fito. Na koma amfani da kiret na roba da ake wankewa, na dillali kuma a waje yake tsayawa. Watan jiya da aka kawo mini sababbin 'yan tsaki daga Ibadan, direban ya iso bayan magariba a gajiye, yana so ya sauke ya wuce, ya ce takardar gidan ƙyanƙyasa tana can ƙasan kaya. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, ga shayi nan, mu nemo ta tukuna." Sai da muka sauke kwali goma sha biyu muna haska tocila kafin ta fito, a naɗe cikin leda, ɗauke da ranar ƙyanƙyasa da allurar da aka yi musu a ranar farko. Na kwafe su a littafin, sannan aka shigar da tsakin ɗaki.