Daren da na rubuta bashina a takarda

Bara war haka, ko sallama na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Bashi huɗu ne a wuyana: biyu na manhajojin rance na waya, ɗaya na ƙaramin banki, sai kuɗin kayan wani dillali a kasuwar Sabon Gari. In ci nan in biya can. Ranar da aka tura wa surukina saƙo wai ni ɗan damfara ne, tuwo ya gagare ni.

Wani dattijo a masallacinmu na Tudun Wada, tsohon ma'aikacin banki, shi ya zaunar da ni bayan Isha'i, ko sisi bai karɓa ba. Ya yago takarda ya ce, "Ɗana, rubuta kowanne, uwar kuɗi daban, ruwa daban." Wallahi sai a daren na ga jimlar da idona. Biro har rawa yake a hannuna.

Ya ce kada in ƙara cin sabo, in fara kashe wanda ruwansa ya fi zafi, in taka banki da ƙafata a tsawaita min lokacin biya. Ɓuya ba ta da amfani, in ji shi, don tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin ƙwato bashi da ake kira GSI, wanda ta hanyar lambar BVN ɗinka ana iya cire bashin daga wani asusunka. Masu manhajojin rancen da ke tozarta mutum a wayar 'yan uwansa kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ake kai ƙararsu.

Dillalin da na fi jin kunyarsa shi ya yafe min wani kaso, ya tuna min aya ta 280 a Baƙara, wadda ke magana kan sassauta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci. Allah Ya saka musu. Saura wata uku in gama da bankin.